Gilashin ƙofar babbar mota ya fashe: tambayoyin da direbobi da masu mota ke yawan yi min

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da iyayen gidanmu masu motoci. Sana'ata sa gilashin mota ce a nan Zariya, kuma yawancin aikin namu na manyan motoci ne, tirela, tanka, tifa, kanta, irin masu kwana ta wajen Ɗan Magaji ko su tsaya Kwangila kafin su ɗau hanyar Kano ko ta Funtuwa. Tambayoyin nan kusan kullum sai an min su, wani a waya yana tsakiyar daji, wani yana tsaye a kaina ina aiki, shine nace bari in tara su waje ɗaya. Maganar gilashin ƙofa nake yi, na gaba karatunsa daban ne.

Oga, gilashin ƙofata ya tarwatse ina cikin tafiya, me zan fara yi?

Fara duba inda kake tukuna. In rana ce ko cikin gari kake, sa sigina ka sauka daga kwalta ka faka da kyau. In kuwa dare ne a daji kuma ka ji alamar jifa ce, kar ka tsaya, ja motarka har ka kai gari ko shingen jami'an tsaro, gilas ana sayen wani.

Bayan ka tsaya abu ɗaya nake roƙonka, dan Allah kar ka taɓa hannun winda, in na wuta ne kar ka danna makunnin. Kusan kowa haka yake yi, gilas na fashewa sai hannu ya kai kan makunni wai a ga ko yana aiki, alhali a lokacin ɓaraguzai da yawa sun zube cikin ƙofar sun shiga haƙoran injin da ke ɗaga gilas da layin da gilas ɗin ke bi, kana dannawa yana niƙa su, aikin da gilas kaɗai za a saya sai ya koma gilas da inji.

Ɗauki hoto kafin ka share komai ka tura wa maigida. Sannan ka cire shimfiɗar kujera ka kakkaɓe a waje, ka duba wuyan riga da cikin takalmi, kuma kar ka share kujera da tafin hannu. In wani ya faɗa maka a ido kar ka murza, zuba ruwa mai tsabta da yawa, in ka ji har yanzu yana suka ka nufi asibiti, ga Shika ga Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan.

Me ya sa na ƙofa ke rugujewa gaba ɗaya, na gaba kuwa tsagewa kawai yake yi?

Ba gini ɗaya ba ne. Na gaba gilas biyu ne aka manne da wata leda mai ƙarfi a tsakani, shi yasa ko dutse ya same shi sai dai ya yi zane ya tsaya a wurinsa. Na ƙofa falle ɗaya ne, kaurinsa kusan milimita 4 zuwa 5, amma gasa shi ake yi. A kamfani bayan an yanke shi daidai ƙofar, sai a sa shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 600, a lanƙwasa shi tun yana da zafi, a busa masa iska mai sanyi nan take. Bayansa ya riga cikinsa hucewa, sai ya zama a ɗaure yake, ƙarfinsa ya ninka na gilashin gida sau huɗu ko biyar. Amma ranar da abu mai tsini ya huda wannan ɗaurin, ko ya sami gefensa, gaba ɗaya yake kwancewa ya zube kamar tsakin masara.

Kuma da gangan aka yi shi haka. Ƙananan ɓaraguzan nan sai dai su yi maka ƙwarzane, ba sa sare jijiya, sannan in Allah ya kiyaye mota ta kife ƙofa ta ƙi buɗuwa, ta nan ake fasa a zaro direba.

Ba a iya liƙe shi yadda ake yi wa na gaba?

A'a. Wanda aka gasa ba shi da gyara, sai canji.

Kafin in samu gilas, leda zan sa ko kwali?

Leda mai kauri wadda ake hango waje ta cikinta, a ja ta ta miƙe sosai a liƙe da salatif mai faɗi ta ciki, a jikin ƙarfen ƙofa. Kwali kam a'a, ko da a gefen yaron mota ne, don da wannan tagar kake ganin madubin dama, kuma kowa ya san yadda 'yan acaba da masu keke napep ke cusa kai ta gefen tirela a Kwangila da Ƙofar Doka, in ka toshe wannan gefen ka makantar da kanka. Ledar ma da dare fitilun bayanka warwatsewa suke yi a jikinta, dan haka ta kai ka gari ce kawai, ba ta zuwa Legas da dawowa ba. Kar ka bar salatif ya kwana biyu a rana a jikin fenti, ɗaye shi yake yi.

In damina ce ka ƙara rufe bakin ƙofar ta sama inda gilas ke fitowa, musamman mai winda na wuta, ruwan Agusta in ya cika cikin ƙofa makunni da wayoyi ne ke fara tafiya.

Masu aikin alminiyam sun ce za su yanka min gilas daidai ƙofar, kuma da araha sosai. In yarda?

Wallahi kar ka yarda. In ma duk abun da na rubuta ba za ka riƙe komai ba toh riƙe wannan.

Gilashin da suke yankawa na tagar gida ne da na kanti, ba a gasa shi ba. Alamar ma ita ce yankuwar da yake yi, don wanda aka gasa ba ya yankuwa, kana ɗora masa abun yanka zai tarwatse, ba a huda shi ba a rage masa tsawo. Duk wanda yace maka zai yanka maka gilashin ƙofa yanzu-yanzu kana tsaye, ka san me zai baka. Shi wannan in ya fashe dogo-dogo yake tashi, masu tsini da kaifi, kuma ka duba inda yake zaune, daidai wuyanka da kafaɗarka da damtsen hannun da kake ɗorawa a ƙofa. Ga shi ba ya jure jijjiga, motar da ke faɗawa ramuka da lodin tan talatin, ana buga ƙofarta da ƙarfi safe da yamma, ba zai daɗe ba, kuma ba a gareji zai fashe ba, kana kan gudu zai yi.

Sannan yawancin ƙofofin DAF da MAN da Howo da Iveco gilashinsu a ɗan lanƙwashe yake, shi kuma na gida a miƙe yake, dole sai an danna shi da ƙarfi ya shiga layi, kaga tun ranar farko a takure yake. Ba zagin masu alminiyam nake ba, sana'arsu ce kuma sun iya ta, amma a gini take.

Inda ake ɗan sassautawa shine tsofaffin motoci masu miƙaƙƙen gilas irin su Marsandi 911, in an rasa nasu akan yanka musu daga gilashi mai falle biyu da leda a tsaki, irin na gaban mota, a goge gefen ya yi sumul. Wannan gilashin mota ne, ko ya fashe ledar na riƙe shi. Sai dai ya fi kauri, sai an gwada an ga layin zai ɗauka, in ya matse a haƙura.

Roba mai kama da gilas fa?

Ta fi gilashin gida aminci nesa ba kusa ba, amma ba ta zama. Ƙurar hunturu na shiga robar ƙofa, kana ɗagawa kana saukewa tana kankare ta, kafin wani lokaci ta yi hazo ta koma ruwan ɗorawa, da dare ba ka ganin madubi. Ta riƙon ƙwarya ce kafin naka ya iso.

Ta yaya zan gane gilashin mota na gaske?

Duba kusurwar ƙasa, akwai tambari da aka buga a jikin gilas ɗin kansa, ba sitika ba, in ka kankara da farce ba ya fita. A motocin Turai za ka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, kusa da shi an rubuta 43R da wasu lambobi. Lambar cikin da'irar ƙasar da ta amince da gilas ɗin take nunawa, E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam, E11 Ingila, ba lallai can aka ƙera shi ba. Na Amurka irin na Mack za ka ga DOT da AS2. Na Chaina akwai CCC, da yawansu ma suna haɗawa da E ɗin. Galibi akwai kalmar Tempered ko Toughened, ita ke nuna an gasa shi. Sunayen kamfanonin da aka fi gani su ne Pilkington, Sekurit, AGC, Fuyao da XYG.

Sai ka shafa gefensa da yatsa. Na gaske gefen a goge yake, a zagaye, ko'ina. In ka ji kaifi ko ka ga ɓalli ko da ƙanƙani ne a baki, ajiye musu kayansu, daga nan yake tashi.

Sabo zan saya ko Beljiyam? Kuma ina ake samu?

Ni a gilashin ƙofa ban da matsala da Beljiyam, sau da yawa ma shi na fi so, don daga jikin irin motar aka ciro shi, lanƙwasarsa daidai take, wani lokacin har da ƙarfen ƙasansa yake zuwa. Gilas ba inji ba ne da zai gaji. Abun dubawa biyu ne, ɓalli a gefe da kuma zane. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa, in ka ga layuka a tsaye daga sama zuwa ƙasa, yashi ya ci shi a tsohuwar motar, da rana ba za ka damu ba amma da dare fitilar mai zuwa sai ta rarrabu a idonka. Sabo ɗan Chaina mai tambari shi ma lafiya lau ne, na Howo da Shacman dama nasu kenan. Inda ake samun matsala shine sabo marar suna da aka kwaikwayi na DAF ko MAN, lanƙwasar ta kauce kaɗan, ya shiga amma ya dinga cijewa a sama.

A fara tambaya a nan gida wajen masu kayan gyara na Sabon Gari da garejojin manyan motoci, wani lokacin akwai kan motar da ta yi hatsari ana sayar da kayanta ɗai-ɗai. In babu, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, dukkansu zuwa da dawowa ne a yini ɗaya. In ya gagara sai Ladipo a Legas ko Nkpor kusa da Anaca, a sa a mota a turo.

Me zan gaya wa mai shago kar a turo min wanda ba shi ba?

Kar kace "gilashin DAF" kawai ka kashe waya. DAF CF daban XF daban, a XF ɗin ma akwai 95 akwai 105. Faɗi sunan motar cikakke da shekararta, ka tura hoton lambar shasi da hoton ƙofar daga waje, da hoton tambarin gilashin ɗaya ƙofar da bai fashe ba. Ka faɗi ko winda na hannu ne ko na wuta, don ƙarfen da ke riƙe gilas ɗin a ƙasa yakan bambanta.

Maganar hagu da dama kuma nan ake yawan rikici. Ana lissafi ne kana zaune a kujera kana kallon gaba, ba kana tsaye a gaban mota kana kallonta ba. Mu nan tun 1972 da aka koma tuƙi a hannun dama sitiyarinmu a hagu yake, toh gefen direba hagu kenan. Amma wanda ya ciro kaya daga motar Ingila shi a wajensa gefen direba dama ne, shi yasa ka faɗi duka biyun, kace hagu, gefen direba a Najeriya.

In za a ɗauko shi, a tsaye ake ɗaukar gilas ba a kwance ba, a naɗe gefunan da kwali, a sa bargo ko katifa, kar gefensa ya taɓa ƙarfe ko siminti. Kar a jingina shi a ƙasa a kan tsakuwa ana ciniki.

Nawa zai ci min?

Farashin na bin dala da irin motar, abun da aka saya wata uku baya ba shi ne yau ba. Tambayi wuri uku. Na Howo ya fi sauƙin samu saboda yawansu a hanya, na Mack da sababbin motocin Turai sun fi tsada. Kuma ka ware wani abu a gefe na roba da 'yan maɓallan murfin ƙofa, kusan kullum sai an buƙace su. In ka ji farashin da ya faɗi ƙasa warwas ka koma ka karanta maganar masu alminiyam.

Yaya ake sa shi, daki-daki?

A faka a wuri mai lebur, a ja birkin hannu a sa waigi a taya. Safar hannu mai kauri, in da tabarau a sa.

Ana fara cire murfin ƙofa na ciki. Sukurorin suna ɓoye a cikin hannun jan ƙofa da bayan hannun buɗewa da ƙasan aljihun ƙofa, na motocin Turai yawanci masu kan tauraro ne, in ka matsa musu da sukundireba na gama-gari kansu zai lalace. In winda na hannu ne, a bayan hannun akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki da ke riƙe shi, tsumma ake zurawa tsakanin hannun da murfin a ja gefe da gefe sai ya fito, a sa ido don tsalle yake yi ya ɓace a cikin ƙasa. Wasu kuma sukuru ɗaya ne a tsakiya. Daga nan a ɓamɓare murfin a hankali daga ƙasa, maɓallan roba ne ke riƙe da shi, a ɗaga sama, a cire soket ɗin makunni da sandar ko wayar hannun buɗewa kafin a janye.

A bayansa akwai leda da aka manne da baƙin danƙo. A ɗaye ta a hankali a ajiye, za a mayar. Ita ke hana ruwa da ƙura shigowa ɗaki, yara da yawa yage ta suke yi su yar, bayan wata biyu murfin ya kumbura makunni ya fara wasa.

Sai shara, wadda zan yi maganarta a ƙasa don ita ce rabin aikin. Bayan ta a zare robobin bakin taga, na ciki da na waje, a kunna mota a kawo injin daidai ramukan da ake hango notinan da ke kama gilas, sannan a kashe a zare makulli. Wannan ba wasa ba ne, injin winda musamman mai kama da almakashi yana da sifirin mai ƙarfi, in ya motsa hannunka na ciki zai iya datse yatsa.

A wasu motocin gilas ɗin a cikin wani dogon ƙarfe mai kwari yake zama da roba a ciki. In sabon bai zo da nasa ba sai an ƙwaƙule ragowar tsohon daga ciki tas, a sa sabuwar roba, a auna daga ɗaya ƙofar a ga inda ƙarfen ke zama kafin a buga shi, da guduma ta roba ko katako, gilas ɗin na kife a kan bargo. In ya kauce ko da yatsa ɗaya ne gilas zai dinga hawa a karkace.

Shigar da shi mutum biyu ne, ɗaya a sama a kan matakala ko benci, ɗaya hannunsa a cikin ƙofa yana tarba. Ta sama ake zura shi, a karkata gaban ya fara shiga, in ya sauka sai a juya shi ya zauna a layin gaba da na baya. Ba a dannawa. In ya ƙi, fito da shi a sake kwana. A ɗaura notinan sako-sako, a ɗaga gilas ɗin har sama ya shige robarsa ya daidaita kansa, sannan a ƙara ɗaurewa, shi ma ba da ƙarfin tsiya ba, ƙarfe in ya ciji gilas kai tsaye ba roba a tsakani fashewa zai yi. A gwada sama da ƙasa sau da yawa tun murfin na waje, a watsa ruwa a ga yana fita ta ƙasan ƙofa, sannan a mayar da leda da murfi. In komai lafiya awa ɗaya zuwa biyu ya isa.

Me ya sa kuke daɗewa wajen share cikin ƙofa? Ni sauri nake, lodi na jira.

Na sani direba, amma nan ne aikin yake. Gilas guda in ya ruguje da yawansa cikin ƙofa yake zubawa, ya taru a ƙasa, ya maƙale a giris ɗin inji, ya shige cikin robar layi inda ido ba ya gani. Na cikin robar nan su ne mugaye, sabon gilas na hawa suna zana shi, wata rana ɗaya ya sami gefensa. Na ƙasa kuma suna toshe ramukan da ruwa ke fita, ƙofa ta riƙe ruwa ta fara tsatsa daga ciki, ga ƙarar kacau-kacau duk ramin da ka faɗa har Sakkwato.

Mu da buroshi muke bin layin daga sama har ƙasa, mu kwashe na ƙasa da hannu da safa, mu bubbuga ƙofar da tafin hannu mu saurara, in akwai injin zuƙa a zuƙe, in babu a jawo iskar mai faci a busa, kowa ya kauce ya rufe ido. Tsohon giris da ya cakuɗe da gilas a goge shi a sa sabo. A nan ne kuma ake ganin ko wayar inji ta fara tsinkewa ko haƙora sun cinye ko robar ta bushe ta tsage. In mai gyara ya gama maka cikin minti ashirin ka tabbata bai share ba.

Ni da yaron motata za mu iya?

In kanta ce ko tsohuwar mota mai winda na hannu kuma kana da haƙuri, za ku iya. In mai wuta ce da wayoyin madubi da na makulli duk a cikin ƙofar, gara ka kawo. Ƙaramin gilashin nan na ƙasan ƙofar dama da wasu motoci ke da shi, da na kusurwa wanda ba ya motsi, wasu da roba suke wasu da gam na musamman ake manna su, mai gam ɗin sai an bar shi ya kama kafin a hau hanya, kuma silikon na gini ba ya riƙe shi.

An sa sabo amma yana hawa da ƙyar, ko ya karkace, ko ya kai sama ya dawo da kansa.

Hawa da ƙyar yawanci roba ce ta bushe ko akwai ragowar ɓaraguzai. A wanke layin a fesa masa man silikon na feshi. Kar a zuba baƙin mai ko giris a roba, kumbura ta yake yi kuma ya kama ƙura, da hunturu sai ya zama taɓo. Karkacewa kuma ko ba a daidaita notinan ba ko ɗaya layin ya saki. Mai kaiwa sama ya dawo, a motocin da ake danna makunni sau ɗaya gilas ya tafi da kansa ne, na'urar ta manta iyakarta, ɗaga shi har ƙarshe ka ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu, ka sauke har ƙasa ka sake riƙewa, yawanci yana dawowa daidai.

In injin ne ya mutu a duba fis tukuna. Kuma a tuna yawancin tirela da tifa wutarsu volt 24 ce, batir biyu, kar wani ya ɗauko maka injin ƙaramar mota mai 12 don ya ga notinan sun yi daidai, ƙonewa zai yi.

Mota na fake, ba wanda ya taɓa ta, da safe muka tarar gilas a zube. Maigida ya ce ƙarya nake.

Yana faruwa, Alhaji a yi haƙuri da direba. Mafi yawa tsohon ɓalli ne a gefe, ko tsakuwa ta taɓa shi tun a hanya, musamman wuraren da ake aikin titi, bai tashi ba sai da sanyin asuba ya biyo bayan zafin rana. Ko ƙofar ta taɓa buguwa an miƙe ta ba daidai ba tana matse shi, ko robar ƙasa ta cinye ƙarfe na gogarsa. Akwai kuma wanda tun daga kamfani wani ɗan ƙwayar ƙarfe ke maƙalewa a cikinsa, ya yi shekaru sannan ya fasa shi, amma wannan ba kasafai ba.

Ga yadda za a rage gardama. In jifa ce ko ɓarawo, yawancin ɓaraguzan a kan kujera za a same su, sau da yawa har da dutsen, kuma wani abu ya ɓata a ɗakin. In da kansa ya tashi, zubewa yake yi a inda yake, cikin ƙofa da gindinta, wani lokacin ma yana nan tsaye a tsattsage sai an taɓa shi. Wani abun da ke cin gilas sosai kuma shine buga ƙofa da ƙarfi gilas na rabi, a lokacin samansa ba abun da ke riƙe da shi. Yaran mota a kula.

Jami'an hanya za su iya tare ni saboda babu gilas? In sa mai duhu fa?

Za su iya, 'yan FRSC da KASTLEA a nan jihar Kaduna duk suna duba lafiyar mota, kuma taga da kwali ko buhu daga nesa ake hango ta. Mai duhu kuma akwai dokar 1991 da ta hana sai da izinin 'yan sanda. Ko ba doka ma ni ba na ba direban babbar mota shawarar liƙa baƙar leda a ƙofa, gilashin gefen direba an yi shi ne ya wuce da aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske, kai da ke kwana kana tuƙi kana juya tirela da baya a wuri mai duhu da madubi kaɗai, me za ka yi da ƙarin duhu? In rana ce ta dame ka sa labule, ka zuge in ka faka.

Inshora za ta biya? In ba ta biya ba, direba ne ko mai mota?

Inshorar da yawancin motocinmu ke yawo da ita ta wanda ka yi wa ɓarna ce, wadda tun Janairun 2023 ta koma naira 100,000 a shekara ga manyan motocin ɗaukar kaya. Wannan ba ruwanta da gilashinka, motar wani ko dukiyar wani da ka lalata take biya. Sai mai cikakkiyar inshora, shi ma ya duba takardarsa, akwai wani kaso da kai za ka fara biya daga aljihunka, sau da yawa kuɗin gilashin ƙofa bai ma kai shi ba. In kamfani ne mai motoci da yawa a kai rahoto ofis da hoto kafin a taɓa ƙofar, in sata ce a haɗa da rahoton 'yan sanda.

Tsakanin direba da mai mota kuwa ya danganta da yadda kuka yi tun farko. Abun da na fi gani shine in tsakuwa ce ko jifa ko madubin wata motar ya doke shi a hanya, a kuɗin gyaran mota ake fitarwa. In direba ne ya kulle makulli a ciki ya fasa, ko ya bar waya da kuɗi a kan kujera ya tafi cin abinci, toh nan akan ce ya kawo wani abu. In an kasa daidaitawa a je ofishin ƙungiya, NARTO ta masu motoci ko NURTW ta direbobi, direbobin tanka kuma PTD, sun saba raba irin wannan. Ni dai roƙona ga iyayen gida shine kar a ce sai an gama shari'ar sannan a sayi gilas, a sa shi mota ta tafi, lissafi a yi shi in an dawo daga tafiyar.